Taku Bakwai Tsakanin Taga da Igiya

Matata Tasalla ba ta nan. Tukunyarta tana nan, tabarmar sallarta tana naɗe a bayan ƙofa, kajinta suna bin duk wanda ya fito da ƙwarya a hannu, amma ita ba ta nan, kuma ko kabari ba ni da shi da zan nuna in ce ga inda take.

Da sunan Wanda yake jin kowa a lokaci ɗaya, muryar wani ba ta rufe masa ta wani, aikin wani ba ya shagaltar da shi daga na wani. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Tunau, mai tsaron gada. Karatuna bai wuce izu uku ba, ban iya ƙawata magana ba. Abin da na gani shi zan faɗa, har da wanda na daɗe ina ɓoyewa.

Garinmu sunansa Gaɓa-Biyu, domin rabinsa yana kan wani tsauni, rabinsa yana kan wani, tsakaninsu akwai kwarin da ba a taɓa jin ƙarar dutsen da aka jefa a cikinsa ba. Gajimare ne ke zaune a kwarin, rani da damina. Gada ɗaya ce ta haɗa mu, an saƙa ta da zaren gizo-gizon dutse, waɗanda girmansu ya kai na jaki, masaƙanmu suna kiwonsu kamar tumaki. Gadar tana ɗaukar ayari ɗaya, ba ta ɗaukar biyu. Tsakiyarta tana nutsewa cikin gajimare, saboda haka wanda ya shigo ta gabas ba ya ganin wanda ya shigo ta yamma sai sun yi kiciɓis.

Kowane bakin gada yana da hasumiya da jar tuta a samanta. Ni ke tsaron ta gabas, abokina Jatau ke tsaron ta yamma. Dokar kakanni tana rubuce a jikin ƙofa, layi uku ce: ka leƙa ta taga, in tutar ɗan'uwanka tana ƙasa, ka ɗaga taka, in ka ɗaga, ka buɗe ƙofa. Tagar tana fuskantar ƙetare, igiyar tuta kuma tana can bangon baya kusa da ƙofa, taku bakwai ne tsakaninsu. Shekara sittin ana bin wannan doka, ko akuya ba ta taɓa faɗawa ba.

Ranar wata Laraba da hantsi na leƙa, na ga tutar Jatau a ƙasa, na ɗaga tawa, na buɗe wa mata masu zuwa kasuwar yamma, Tasalla tana cikinsu da ƙwaryar nono. A wannan lokaci Jatau ya buɗe wa ayarin jakunan gishiri. Ban ga komai ba. Ƙara kawai na ji daga cikin gajimare, kamar an yaga sabon ƙyalle, sai igiyoyin bakin gada suka saki. Mutum goma sha tara ne suka tafi.

Aka tara mu gaban Magajin Gada, dattijo Dogara. Na rantse na leƙa na ga tutar Jatau a ƙasa. Jatau ya rantse ya leƙa ya ga tawa a ƙasa. A al'adarmu in rantsuwa biyu suka ci karo, ɗaya maƙaryaci ne, kuma wanda ya kashe mutane a gada da ƙarya za a jefa shi kwarin ranar da aka ɗaura sabuwar gada. Saƙar sabuwa wata tara take ci. Dattawa suka ce ba wanda zai tura matarsa ga mutuwa, don haka ni ne mai gaskiya. Wani ya tuna cewa Jatau ya nemi auren Tasalla kafin ni, bai samu ba. Ni ma na tuna, kuma ban tuna a zuci ba, a fili na faɗa.

Bayan sadakar arba'in na je ɗakin da aka tsare shi, da nufin in ji ya amsa laifinsa da bakinsa. Na same shi yana gyaran takalminsa kamar mai shirin tafiya. Na zage shi, na zagi ranar da muka fara cin tuwo a akushi ɗaya. Bai rama ba. Da na gaji ya ɗago kai.

"Nomau, na leƙa," in ji shi. "In kai ma ka tabbata ka leƙa, to je ka nemo wanda zai gaya mana yadda masu gaskiya biyu suka kashe mutum goma sha tara."

Na ɗauki maganar a matsayin wayo, na ce yana neman ya jefa mini shakka ne don ya tsira. Amma ta maƙale mini kamar ƙaya a tafin ƙafa. Na ɗaura guzuri na fita, ba don in cece shi ba, sai don in dawo da hujjar da za ta sa ya sunkuyar da kai kafin a jefa shi.

Na yi wata guda ina tafiya, na ratsa fadamar da ciyawarta ke kiran sunan matafiyi da muryar mutanen gidansu. Sau uku na ji Tasalla tana kirana, na toshe kunnuwa da auduga na wuce. Daga nan na isa Birnin Sau-Dubu. Mutanen wannan birni ba sa amfani da abu sai an gwada shi sau dubu an buga masa hatimi. Ludayinsu yana da hatimi, turminsu yana da hatimi, na ga wani tsoho zaune a ƙasa kusa da sabuwar kujera yana jira a gama zama a kanta sau dubu kafin ya hau.

Aka kai ni gaban Sarkin Gwajinsu, wani kakkauran mutum mai suna Cindo. Na karanta masa dokarmu. Ya sa aka yi ƙaramar gada ta kara da hasumiya biyu ta yumɓu, ya kira wasu mutum biyu, wa da ƙane, ya ce su bi dokar. Kwana biyar suna leƙawa, suna ɗagawa, suna tura tsakuwoyi a kan gadar. Sau dubu, ba ta karye ba. Sarkin Gwaji ya buga hatimi a kan fata ya miƙo mini, ya ce dokarmu ba ta da aibi, wanda aka tsare shi ne maƙaryaci, in koma in yi barci da munshari.

Na ji daɗi, na rantse da Allah na ji daɗi. Sai dai a kwana biyar ɗin nan na lura da wani abu. Ƙanen ba ya motsawa sai wan ya gama komai ya zauna. Na tambayi dalili. Ƙanen ya ce ai ladabi ne, yaya zai miƙa hannu yayansa bai gama ba. Na ce, ranka ya daɗe, a garinmu tazarar hasumiya da hasumiya ta kai ladabi ba ya ƙetarewa, ba wanda ya san lokacin da ɗan'uwansa ya tashi ko ya zauna.

Fuskar Sarkin Gwaji ta canja. Ya tambaye ni wa ya aiko ni. Na ce ba kowa. Ya ce duk wanda ya zo da nisa ya taɓa darajar hatimi, akwai wanda ya aiko shi, kuma zan zauna har in tuna sunansa. Aka sa ni a wani dogon zaure mai lanƙwasa, ba ƙyaure, ba sarƙa, sai dogari ɗaya a kowane baki. Na tambayi ɗaya daga cikinsu ko ba sa tsoron in gudu. Ya yi dariya ya ce tsarinsu an gwada shi sau dubu: in lokacin abinci ya yi, dogari zai leƙo ciki, in ya hango hular abokinsa a wancan bakin, sai ya tafi, domin mutum ɗaya ya isa ya tare fursuna da ihu. Ba a taɓa barin zauren ba kowa ba.

Kwana uku ina kallo. Mai dambu kullum ta kudu take ɓullowa, dogarin kudu ne ke fara jin tallarta, ya leƙa, ya tafi, sannan na arewa ya ji, ya leƙa, ya ga ba hula, ya haƙura. A rana ta huɗu, kafin azahar, na tsaya a tsakiyar zaure daidai wata 'yar kafa da ke sama, na sirantar da murya na yi tallar dambu. Su biyun suka ji tare, suka leƙo tare, kowa ya ga hular ɗan'uwansa, kowa ya juya ya tafi da kwanonsa. Na fita da ƙafafuna, ko gudu ban yi ba sai da na wuce ganuwa.

Ina cikin dariya a hanya sai wani tunani ya tsayar da ni. Da za a kira dogaran nan a ba su rantsuwa, kowanne zai rantse ya leƙa ya ga abokinsa, kuma ba wanda zai yi kaffara. Na zauna a gindin wata tsamiya har inuwa ta bar ni. Sannan na ce wa kaina zaure daban, gada daban, kuma dogaran nan ba su taɓa neman matar wani ba. Na riƙe zargin Jatau da hannu biyu, domin in na sake shi akwai wani abu a ƙarƙashinsa da ba na son gani.

Duk da haka kaina bai daina aiki ba. Na ce in ma akwai rami a dokarmu, gyaransa mai sauƙi ne: a juya ta. Ka fara ɗaga tutarka, sannan ka leƙa, in ka ga ta ɗan'uwanka a sama, ka jira. Na yi ta yaba wa kaina wannan dabara har wata biyu, har na isa Dutsen Gishiri.

Dutse ne fari fat, ba a hawansa, ba a ganin ƙarshensa, hanya ɗaya ce ta tsaga shi, siririya, raƙumi ɗaya take ɗauka. A bakinta na tarar da gari guda: ɗakuna, rijiya, majema, makabarta. Na tambayi sunan garin, aka ce ba gari ba ne, ayari ne yake jiran wucewa. Madugunsu, Bawa, gemunsa ya yi fari kamar dutsen. Ya nuna mini tutarsu a sama, ya nuna mini wata can nesa a ɗaya bakin, ita ma a sama. Dokarsu ita ce dabarata, kalma da kalma. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ayari biyu suka iso rana ɗaya, kowa ya ɗaga, kowa ya leƙa, kowa ya ga ta ɗan'uwansa, kowa ya zauna jira.

Madugu ya ce mini da alfahari ba a taɓa mutuwa a mashiginsu ba. Na tambaye shi ko an taɓa wucewa. Ya dube ni daga hula har takalmi. Na ce me zai hana su sauke tasu su bar waɗancan su wuce. Nan take mutane suka kewaye ni. Wani ya ce ai maganar mutanen ƙetare ke nan, so suke a sauke musu su kwararo ba iyaka. Wani ya shinshina rigata ya ce tana warin can. Na ga an fara kawo igiya.

Sai na ja Madugu gefe na yi ƙasa da murya. Na ce, Allah ya ba ka nasara, shekara goma sha ɗaya kuna zaune ba ku san abin da suke ƙullawa ba, ni baƙo ne, ba su san fuskata ba, mutum ɗaya ba kaya ba zai tare hanya ba, ka aike ni in leƙo maka asirinsu. Idonsa ya yi haske. Ya ba ni dabino da salkar ruwa, ya ce in ƙirga masa takubbansu.

Na bi mashigin kwana biyu. Ciyawa ta rufe hanya, kurciyoyi sun yi sheƙa a inda ya kamata raƙuma su taka. A ɗaya bakin na tarar da wani garin irin na farko, da wani madugu mai farin gemu. Ya tambaye ni takubba nawa waɗancan suka tara. Na ce ban ga komai ba sai awaki da jikoki. Ya ce haka ɗan leƙen asiri zai ce, ya sa aka kore ni ta bayan sansani, aka gargaɗe ni kada in sake waiwayowa. Abin da nake so ke nan. Na jefar da dabarata a wurin tare da ƙwallon dabino.

Bayan dutsen akwai wani fili da ake kira Rairayi Mai Riƙo. Abin da aka zana a yashinsa iska ba ta share shi, ruwa ba ya wanke shi. Iya ganinka zane ne, layuka suna rassa kamar jijiyar ganye, wasu sun fi shekara ɗari. Masu ginin madatsun ruwa da masu tsara hanyoyin birane suna zuwa nan da dokokinsu. Wadda ke riƙe da wurin wata tsohuwa ce, Inna Tabawa, ƙanƙanuwa, da tsinke a bayan kunne. Na gaishe ta, na miƙa mata fatar Sarkin Gwaji. Ta juya ta, ta shinshina, ta ce fata mai kyau ce, za ta yi takalmi.

Na karanta mata dokarmu. Ta ce ba ta gane ba. Na sake karantawa da ƙarfi. Ta ce kunnenta lafiya lau, dokar ce ba ta faɗi abin da take nufi ba. Ta tambaye ni ko leƙawa da ɗagawa aiki ɗaya ne ko biyu. Na ce ɗaya ne mana, mutum ya leƙa ya ɗaga. Ta ce a wurinta aiki ɗaya shi ne wanda ba wani mahaluƙi da zai iya yin komai a tsakiyarsa, sannan ta tambaye ni ko ina riƙe da igiya lokacin da nake leƙawa. Na ce a'a, taku bakwai ne. Ta ce to, biyu ne, kuma a cikin taku bakwai duniya ba ta tsaya tana jirana ba.

Ta ɗauko tsakuwa biyu farare ta ce leƙena ne da ɗagawata, ta ɗauko biyu baƙaƙe ta ce na Jatau ne. Ta ce in jera su a layi ta kowace hanya da za ta yiwu, sharaɗi ɗaya kawai, kowa leƙensa ya riga ɗagawarsa. Na ce ai da yawa. Ta ce in jera dai. Na jera, ta zana, na sake jerawa, ta zana. Hanya shida muka samu, na yi ta juya tsakuwoyi har la'asar ban samu ta bakwai ba. A hanya biyu ɗayanmu yana gama leƙe da ɗagawa kafin ɗayan ya leƙa, sai na biyun ya ga tuta ya jira. A sauran huɗun duka mun leƙa kafin wani ya ɗaga.

"Biyu lafiya, huɗu mutuwa," in ji ta. "Shekara sittin kuna bin biyun nan, domin taku bakwai ba shi da tsawo, da wuya leƙen wani ya faɗo a cikinsa. Sa'a kuka yi ta ci, ɗan nan, kuna kiranta doka."

Na yi gardama. Na ce mai yiwuwa ne, amma wannan bai nuna Jatau bai yi ƙarya ba. Ta yarda, ta ce yashi ba ya ganin zuciya, abin da ya nuna kawai shi ne ba a bukatar maƙaryaci kafin gada ta karye. Sannan ta zare tsinken daga kunnenta ta nuna tazarar da ke tsakanin fararen tsakuwoyina biyu, ta tambaye ni ran nan taku bakwai ɗin nawa ya ɗauki tsawon numfashi nawa. Na ce kamar kullum. Ta ce tun da na zo duk lokacin da aka ambaci igiya sai in taɓa hulata. Ta ci gaba da tsintar tsakuwa.

Sai da na kwana biyu sannan na faɗa mata. Ran nan na leƙa, na juyo, na yi taku uku, sai Tasalla ta leƙo ta ƙofar hasumiya ta yi mini magana. Na tsaya na amsa. Ba daɗewa, ba ta kai a sha ludayin fura uku ba. Sannan na ƙarasa na ja igiya, ban sake leƙawa ba, domin doka ba ta ce a sake ba. Wannan ban faɗa wa dattawa ba, ban faɗa wa kowa ba. Na jira tsohuwa ta ce ni na kashe su.

Ta ce dokar da ta dogara a kan cewa namiji ba zai taɓa amsa wa matarsa ba, ko ya yi tari, ko ya yi tuntuɓe, ba doka ba ce. Amma ta ce in ina son abokina ya rayu sai na faɗi wannan a gaban jama'a, domin mutane ba sa yarda da tsakuwa sai sun ga jini a jikinta.

Na zauna wurinta wata biyu muna neman sabuwar doka. Duk wadda na kawo sai ta ce in jera, kuma abu biyu take nema: kada ayari biyu su taɓa haɗuwa a gada, kada kuma wani ya yi jiran da ba ya ƙarewa. Dokoki tara na kawo suka mutu a yashi. Ta goma ita ce ta zobe. A ƙera zoben tagulla ɗaya tak. Wanda zobe ke hannunsa shi kaɗai ke buɗe ƙofa. Mutumin ƙarshe a ayari shi zai ɗauke shi ya miƙa wa mai tsaron ƙetare. Tuta ta zama ta roƙo kawai: in ka ga ta ɗan'uwanka a sama, ayari ɗaya za ka tura zobe ya bi shi, in kuwa ba ka da matafiya sai ka aika masa zoben ta siririyar igiya. Muka bi rassanta duka, ɗari da wani abu, ba mu bar ko ɗaya ba. Inna Tabawa ta ce ta tsaya wa dokar, amma ba ta tsaya wa zaren gizo-gizo ko maƙerin zobe ba, abin da aka zana kawai ta sani. Na kwafe zanen a bayan fatar Sarkin Gwaji.

Na komo ta kogi, na kauce wa dutse da birni, na iso Gaɓa-Biyu saura kwana biyu a ɗaura gada. Na nemi a tara dattawa a dandalin kasuwa. Da na ce aibin a dokar kakanni yake, wuri ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce baƙin ciki ya taɓa mini kai. Wani ya ce dangin Jatau sun bi ni hanya sun shawo kaina. Magajin Gada ya tambaye ni ko ni, mai izu uku, na fi waɗanda suka rubuta doka sani. Na ce ban fi su ba, ranka ya daɗe, amma ina roƙon ka bi ta da kanka sau ɗaya a gaban jama'a.

Na dasa tuta biyu a gefe biyu na dandali, na auna taku bakwai daga kowace na ja layi. Na sa Magaji a layi ɗaya, Liman a ɗayan, mutum biyu da ba wanda zai ce suna ƙarya. Na ce Magaji ya leƙa. Ya ce tutar Liman tana ƙasa. Ya fara takawa. Yana taku na uku na ce Liman ya leƙa. Ya ce tutar Magaji tana ƙasa. Shi ma ya fara takawa. Magaji ya ɗaga, Liman ya ɗaga. Tuta biyu suna kaɗawa a kan kasuwa. Na tambayi jama'a wanne za a jefa a cikinsu.

Magaji ya daɗe yana kallon tutar da ke hannunsa. Sannan ya ce wannan shiri ne, ni na zaɓi lokacin leƙen Liman, a gaske ba za a yi irin wannan dace ba cikin ƙiftawar ido. Na san an zo wurin. Na cire hulata na riƙe, na gaya musu ran nan ba ƙiftawar ido ba ce, na tsaya a taku na uku na amsa wa matata, kuma na ɓoye wannan wata tara na bar abokina a ɗaure. Na ce in dole sai an jefa wani, ga ni.

Wata tsohuwa da ta rasa 'ya'ya biyu a gadar ta tofa mini yawu a riga, ban goge ba. Dattawa suka shige zaure tun hantsi sai bayan la'asar suka fito. Magaji ya ce sun karanta layi ukun nan sau da yawa, ba su ga inda aka hana tsayawa ba, ba su ga inda aka ce a sake leƙawa ba. Ba za a jefa kowa ba. Amma saboda abin da na ɓoye, an raba ni da hasumiya har abada. Suka karɓi dokar zobe bayan sun sa na jera musu rassanta kwana uku. A ƙarshe wani dattijo ya ce ya kamata a ƙera zobe na biyu a ajiye ko na farko zai faɗa kwari. Na ce in ya faɗa a rufe ƙofa biyu har a taru a ƙera wani a gaban kowa, amma ranar da aka sami zobe biyu a garin nan a fara haƙa kaburbura. Magaji ya sa aka rubuta wannan a jikin ƙofa, aka fasa tukunyar da maƙeri ya zuba zoben a ciki, don kada a sake yin irinsa.

Ni na je na buɗe wa Jatau. Ya rame, idanunsa ba sa son haske, ba zai ƙara hango tuta daga ƙetare ba. An riga an gaya masa komai. Na durƙusa a gabansa. Ya sa takalman da ya gyara, ya miƙe yana dafa bango. Na zaci zagina zai rama, kuma da ya rama da na ji sauƙi.

"Me Tasalla ta ce maka ran nan?" in ji shi.

"Ta ce, maigida, hularka ta karkace. Ta shigo ta gyara mini."

Sannan ya ɗora hannu a kafaɗata domin ya sami abin dogarawa, muka nufi ƙofa.

"Da ni ne," in ji shi, "da na fi ka daɗewa."

Yanzu ni nake jansa zuwa masallaci. Bai ce ya yafe mini ba, ban kuma tambaye shi ba tukuna. In muka bi ta bakin gada muna jin zoben yana ƙara a hannun mutumin ƙarshe, sai mu tsaya har ya isa.

Kai da ka karanta wannan, ɗaga hannu ka taya ni. Allah ka ji ƙan Tasalla da mutum goma sha takwas da suka tafi tare da ita, ka sa kwarin nan ya zame musu shimfiɗa. Ka mayar wa Jatau da hasken idonsa, ka sanyaya zuciyarsa a kaina. Ka sa wani ya sauke tuta a Dutsen Gishiri. Ka tsare mu da zargin mai gaskiya, ka tsare duk wanda ke tsakanin taga da igiya. Amin.